Ɗan Siyasar da Ke Jinya: Ya Nuna Mana Takardar Likita Kafin Ya Nemi Ƙuri'armu

Akwai wata gardama da nakan ji a majalisar masu shayi duk lokacin da zaɓe ya matso, a Salaga ko Yendi ko Bawku: idan ɗan siyasa ya yi mummunan hatsari, yana cikin jinya, ya dace ya nemi kujerar da ta fi wadda yake kai? Wasu su ce ya koma gida ya huta. Wasu su ce ai Allah ne ya tashe shi, wa zai hana shi? Ni ra'ayina shi ne ya tsaya, amma da sharaɗin ya gaya mana gaskiyar halin da yake ciki.

Mu fara da gida. Ivor Greenstreet, lauya ne da hatsarin mota ya ɗora a keken guragu, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar CPP a 2016 da 2020. Bai kai ko kashi 1 cikin 100 na ƙuri'u ba, amma duk wanda ya saurare shi ya san kansa garau yake. Dokta Mahamudu Bawumia ya yi hatsarin mota a hanyar Bole zuwa Bamboi a Maris 2013. Makonni kaɗan bayan haka ya tsaya gaban Kotun Ƙoli yana ba da shaida kwana da kwanaki a shari'ar zaɓen 2012. Ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2017, ya nemi shugabancin a 2024. Ko kana NPP ko kana NDC, ba ka ce hatsarin nan ne ya kayar da shi ba. A 2013 kuma Shugaba Mahama ya naɗa Dokta Henry Seidu Daanaa, makaho, ministan harkokin sarakuna. Wasu sarakuna sun yi ƙorafi, shi kuwa ya kama aikinsa.

Addininmu ma bai wulaƙanta mai lalura ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ba ya gani, ya kula da Madina idan zai yi tafiya. Gaskiya ne malamai irin su Al-Mawardi sun sa lafiyar gaɓɓai cikin sharuɗɗan shugaba, amma dalilinsu shi ne kada lalura ta hana shi sauke nauyin jama'a. To nan ne ma'aunin yake: zai iya aikin ko ba zai iya ba?

Yanzu ga ɗaya gefen. A Oktoba 2012 gwamnan Taraba a Najeriya, Danbaba Suntai, ya faɗi da jirgin da yake tuƙawa kusa da Yola, ya ji rauni a kai. Aka yi jinyarsa a Jamus da Amurka, aka dawo da shi a Agusta 2013 ana riƙe da shi yana saukowa daga jirgi. Na kusa da shi suka ce ya warke, zai kama aiki. Yawancin 'yan majalisar jihar suka ce sun gan shi, bai warke ba. Jiha ta rabu biyu, har wa'adinsa ya ƙare bai koma mulki sosai ba, ya rasu a 2017. Haka aka yi da Umaru Musa 'Yar'aduwa: aka kai shi Saudiyya a Nuwamba 2009, ƙasa ta yi watanni ba ta san wa ke riƙe da ita ba, ya rasu a Mayu 2010. Mu ma a nan mun ga yadda aka yi ta musun rashin lafiyar Farfesa Atta Mills har ranar 24 ga Yuli 2012 da ya rasu, alhali shi ne ɗan takarar jam'iyyarsa a zaɓen Disamba.

A duk waɗannan, majinyacin abin tausayi ne. Masu laifi su ne waɗanda suka kewaye shi, suna cin abinci da sunansa, suna tsoron idan ya sauka tukunyarsu ta kife. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshen ramin talaka ya riga ya sha wuya.

Tsarin mulkinmu na 1992 bai nemi takardar likita daga ɗan takara ba. Sashe na 62 ya ce ya zama ɗan Gana ta haihuwa, mai shekara 40, wanda ya cancanci zama ɗan majalisa. Sashe na 69 ne ya yi maganar cire shugaban da jiki ko hankali ya gaza, kuma sai an haɗa kwamitin likitoci, sai kashi 2 cikin 3 na majalisa sun yarda. Wato doka tana jira sai ɓarna ta faru. Tambayar da ya kamata a yi tun farko an bar mana ita, mu masu ƙuri'a.

Mu kuwa mutanen zango muna da rauni guda. Saboda ba mu da yawa a manyan kujeru, idan namu ya kwanta sai mu ce a rufa masa asiri, kada a ƙwace mana. Wallahi na fahimci wannan. Amma ku duba abin da ke gabanmu. Bawku na fama da rikicin sarauta da dokar hana fita, yara na rasa darasi. Yendi ta samu sabon Ya-Na a 2019 bayan shekara 17 ana zaman ɗar-ɗar, kuma zaman lafiyar nan yana son mai bibiya. Mutanen Salaga sun san wahalar hanyar Tamale idan damina ta kankama. Wakilin da ke kwance a Ankara, wani na amsa wayarsa, ba zai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Na taɓa koyarwa tare da wani malami da babur ya karya masa ƙafa. Ya dawo aji da sanda, yana zaune yana koyarwa, yaransa suka ci jarrabawa. Na kuma ga wanda ya bugu a kai, aka hanzarta dawo da shi don kada albashi ya tsaya, yana fara darasi yana mantawa. Yara 50 ne suka biya kuɗin wannan gaggawar. Ina ga mazaɓa ko ƙasa?

Don haka ga abin da nake roƙo. Ɗan takarar da ke murmurewa ya fitar da rahoton likitocin da ba 'yan jam'iyyarsa ba ne. Ya zauna a rediyo kai tsaye ya amsa tambayoyin jama'a da bakinsa. Jam'iyya ta ba shi mataimaki mai iya riƙe aiki, domin ko mai lafiya ba shi da tabbas: hatsarin jirgi mai saukar ungulu na 6 ga Agusta 2025 ya ɗauke mana ministoci biyu, har da Ibrahim Murtala Muhammed na Tamale ta Tsakiya. Limamai da sarakunan zango kuma, idan an zo neman addu'a, su yi addu'ar, sannan su yi tambayar.

Wanda ya cika waɗannan, ko a keke yake, ina iya ba shi ƙuri'ata. Wanda aka ɓoye mana shi, zan je gaishe shi da jiki, in roƙa masa sauƙi, in zaɓi wani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaɓa mana shugabanni na gari.