Kilo biyun da suka tsaya wa Azumah

A majalisun shayi na Zangon Tamale da Aboabo, in zancen dambe ya taso, ƙarshensa a kan Azumah Nelson yake sauka. Dattawa ba su manta da Disambar 1984 ba, lokacin da ya bi Wilfredo Gómez har gida Puerto Rico, ya kashe shi a turmi na 11, ya ɗauko kambun WBC. Shi ya sa a Mayun 1990, da aka sa shi da Ba'amurke Pernell Whitaker a Las Vegas, da yawa daga cikinmu mun gama raba nasara tun kafin a ɗaura safar hannu.

Azumah na riƙe da kambun ajin kilo 59, Whitaker na kilo 61. Kilo biyu kacal, aka ce, me za su yi wa Farfesa, kamar yadda ake yi wa Azumah laƙabi? Ga shi mu da muka tashi da damben gargajiya ba mu saba da sikeli ba, zuciya da nauyin hannu muke dubawa.

Whitaker bahago ne, mai zillewa kamar tarwaɗa. Turmi 12 Azumah yana matsawa yana kai hannu, shi kuwa ya duƙa, ya goce, ya manna masa biyu ya bar wurin. Alƙalai uku duka suka ba Ba'amurken.

Abin da masu hasashe suka tsallake shi ne da wane makami mutum ya haura. Wanda jarinsa matsa lamba da ƙarfin naushi ne, in ya hau sama zai tarar da ƙartin da suka saba shan irinsa. Mai ido da ƙafa kuwa yakan tafi da kayansa. Whitaker ɗin nan bai tsaya ba sai da ya ci kambun ajin kilo 70 a 1995. Terence Crawford ma haka ya tsallake aji biyu ya doke Canelo Álvarez a Satumbar 2025. Tsayi ma na da hannu: Dick Tiger na Najeriya ya haura ya karɓe kambun José Torres a 1966, amma dogo Bob Foster ya kwantar da shi a turmi na 4 a 1968.

Azumah dai ya koma ajinsa. A Maris ɗin 1992 ya je Melbourne, gaban dubban magoya bayan Jeff Fenech, ya gama da shi a turmi na 8.