Filin Sani: Rariyar da ke cikin rediyo



Wasunku suna kukan cewa da dare, in sun kama gajeren zango, tasha biyu kan yi magana tare. Dalili shi ne tashoshin suna kusa da juna ƙwarai. Tsakanin wannan da waccan kilohats 5 ne kawai. Kilohats ma'auni ne na fili a kan iska, kamar yadda ake auna gona da taki.

A cikin kowane akwatin rediyo akwai wani ɗan ƙarfe mai aikin rariya. Shi ke barin tashar da kake so ta wuce, ya tare maƙwabtanta. To amma ku tambayi mata: rariya mai ƙananan ido tana ba da gari mai laushi, sai dai tana riƙe wani abu a cikinta. Haka ta rediyo take. In ta matse sosai, hayaniya ta ragu, amma ƙarfin maganar ma ya ragu. Wata rariyar takan cinye rabin ƙarfin, wata fiye da haka.

Akwai masu aika saƙo ta rediyo don sha'awa kawai. Na Nijar lambarsu tana farawa da 5U, na Najeriya 5N. Su sun san wannan ciniki. In saƙon ƙwanƙwasa ne, irin na tangaraho, rariyar rabin kilohats ta ishe su. In magana ce, sai sun buɗe ta fiye da kilohats 2. Muryar mutum tana son fili. In an matse ta, sautin s da sh su ke fara ɓacewa, har ka kasa rarrabe "sanya" da "shanya". Mai jiran jin farashin gero ko ranar allurar shanu bai kamata ya yi ta cinta ba.

Saboda haka in murya ta dushe, kada ka yi saurin zubar da pil, kuɗi ne. Wasu akwatunan suna da maɓalli mai rubutun BW. Buɗe shi in tasharka ita kaɗai ce, matse shi in wata ta shigo mata. Masu araha da yawa ba su da shi. Nan sai ka ja eriya duka, ko ka ɗaura mata doguwar waya bisa itace. Da damina, in hadari ya taso, cire wayar tun kafin tsawa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.