Ƙaramin Noti, Babbar Hasara

Masu karatu, wannan mako za mu duba wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba, amma shi ke sa babur ɗin shekara guda ya yi kama da na shekara goma.

Tun a 1958, lokacin da kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da Super Cub mai garkuwar ƙafa ta roba, masu ƙera babura suka yi ta rage ƙarfe suna ƙara roba, har aka kai ga irin wanda mutanenmu suka raɗa wa suna roba-roba. To, ita roba ba ta jure a riƙa ɗaura mata noti ana kwancewa. Saboda haka maƙera kan dasa wani ɗan gurbi na tagulla a cikinta: cikinsa da zare inda noti zai shiga, bayansa da ƙaiƙayi domin ya kama jikin robar. Wannan gurbi shi ne maganarmu.

Yaya yake lalacewa? Galibi da hannun mai gyara. Yaron bakanike ya saba da notin inji, sai ya zo kan murfin roba ya ɗaure da irin wannan ƙarfi, har gurbin ya ɓalle ya riƙa juyawa tare da notin. Wani lokaci kuma an kwance notuna goma an zuba a gwangwani guda, wajen mayarwa aka sa dogo a ramin gajere. Da ya taɓo ƙasa sai ya tsaga robar. Akwai kuma mai cusa noti a karkace.

Abin da ke biyo baya shi ne abin takaicin. Maimakon a sake gurbi, sai a nemo ƙusar katako mai murɗi a danna, ko a huda murfin a ɗaure da waya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Rami ya ƙara faɗi, sauran notunan sun ɗauki nauyin da ba nasu ba, girgizar hanya kuwa ba ta hutawa. Murfin da ya ɓalle ana cikin gudu yana iya tokare kan babur ko ya shiga ƙafa, kuma ba sai an gaya wa kowa ƙarshen wannan ba.

Alhali gyaran na sosai ba wuya gare shi ba. Da fari a san girman notin. A jikin murfi akasari M5 ne ko M6, watau kaurin milimita 5 ko 6. Tazarar zaren M5 milimita 0.8 ce, ta M6 milimita 1, don haka ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya. In za a je kasuwa, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Fanteka a Kaduna, a tafi da tsohon notin a aljihu.

Domin cire mataccen gurbi, sai a murɗa masa noti kaɗan, a ɗora ƙarfen zafi irin na masu gyaran rediyo a kan notin har robar da ke kewaye ta yi laushi, kana a zare shi tsaye da filaya. Sabon gurbi, wanda bayansa ya ɗan fi na da kauri, da wannan ƙarfen ake nutsa shi, sannu a hankali, a kuma bar shi ya huce sarai kafin a taɓa. Gaggawa a nan ita ke karkatar da shi.

Idan ramin ya tsage, a juya murfin a duba tambarin da ke ciki. In an ga ABS, gam mai haɗi biyu irin Araldite zai kama: a shafa wa noti giris, a murɗa shi cikin gurbin, a dasa su tare a cikin gam, a bar su kwana guda. Giris ɗin ne zai hana gam shiga zare. In kuwa PP aka gani, kada a ɓata kuɗi, gam ba ya kama ta. Gara a huda ramin ya fita, a sa noti da washa mai faɗi ta baya.

Na gilashin gaba dabam ne. Shi ɗan bututun roba ne mai tagulla a gindi, wanda kan kumbura ya riƙe idan an ɗaure. Rana ke busar da shi, kuma ba a gyara shi, sai dai a tura shi waje a sa sabo.

Saura gargaɗi biyu ga makanikai. Ruwan nan ja ko shuɗi da ake ɗigawa a zare don kada noti ya kwance, na ƙarfe da ƙarfe ne. In ya taɓa ABS yakan sa ta tsattsage. Sa'an nan, a fara murɗa kowane noti da yatsa sau uku kafin a ɗauko sukurudireba, kuma kada a ɗaure ko guda tamau sai dukkansu sun shiga ramukansu.