Mai Gida Ko Wakili?

Tun da aka kafa jami'a a Aliero cikin 2006, ɗakunan haya suka yi daraja, malaman makaranta da akawuna na Jega da Maiyama suka shiga gini. To, wa zai kula musu?

A ganinmu, wanda ke zaune Aliero ya riƙe abinsa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma wanda aiki ya ɗaure nesa, ya naɗa wakili. Ushirin da wakili zai ɗauka bai kai hasarar rufin da damina ta kayar ba.

Sai dai a rubuta sharuɗɗa gaban shaidu, a riƙa karɓar rasit. Kada kuwa a naɗa ɗan'uwan da ake jin kunyar tambayarsa lissafi.