Hukuncin Wanke Hotuna A Gida Da Ladubbansa

A makon jiya wani bawan Allah, mutumin ƙasar Kunci da ke aikin gwamnati a birnin Kano, ya same mu bayan sallar La'asar ransa a ɓace. Ya ce an fizge masa waya a cikin a-daidaita-sahu. Ba kuɗin wayar ne ya dame shi ba. A cikinta ne hoton mahaifinsa yake, wanda ya ɗauka ran da tsohon ya komo daga aikin Hajji, ga shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya bara, kuma shi bai ajiye hoton a wani wuri ba. Sai ya ce, "Allah Ya gafarta malam, shin ya halatta in sayi firinta in riƙa wanke sauran hotunan dangi a gida ina shirya su a albam, ko kuwa yin haka ya shiga hanin da aka yi game da surori?"

To, malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun rarrabe wannan mas'ala, kamar yadda Shehu Dardiri ya yi bayani a babin walima cikin sharhinsa na Muhtasar. Surar abu mai rai da aka sassaƙa ko aka gina, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, ita ce haramun. Wadda ba ta da inuwa kuwa, kamar ta jikin takarda ko tufa, iyakarta karhanci idan an ɗaukaka ta. Da hoton kyamara ya bayyana, Shehu Muhammadu Bahit Almuɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya wallafa risala yana halatta shi, domin a wurinsa tsare inuwa ne kawai, ba kwaikwayon halitta ba. Akwai kuma malaman da suka hana shi sai bisa larura, kamar fasfo da katin shaida, kuma ba ma zargin wanda ya bi su. Mu dai abin da muka rinjayar shi ne halacci, amma da sharaɗi, watau a gane cewa hoto amana ne.

Amanar farko ita ce ta magabata. A zamanin fim, sai ran Salla ko biki ake kiran mai hoto, ya ɗauki biyu ko uku ya kai birni a wanke, amma har yau suna nan cikin adakar tsofaffi. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, daga baya masu kyamara suka yawaita, har mutum ya tara hotuna dubu alhali ba shi da ko ɗaya a hannu. Ran da waya ta faɗa rijiya ko ɓarawo ya yi gaba da ita, shi ke nan.

Amana ta biyu ita ce ta iyali. Wanda ya miƙa wayarsa ga yaron shago domin a wanke masa hoto guda, ya miƙa masa hotunan matan gidansa gaba ɗaya, kuma sau da yawa sukan saura cikin kwamfutar shagon. Wanke hoto a gida yana toshe wannan ƙofa, kuma a ganinmu wannan shi ne mafi girman amfaninsa.

Ga wanda ya ƙudura yin haka, ga ladubba biyar.

Na farko, ya zaɓa, kada ya yi almubazzaranci, domin tawada da takardar hoto suna da tsada. Kada kuma ya wanke hoton matar wani ko 'yar wani sai da izini.

Na biyu, ya nemi asalin hoton, domin wanda aka turo ta WhatsApp yawanci an rage masa ƙarfi. Hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo kamar 1,200 da 1,800 kafin ya fito tas.

Na uku, ya san cewa tawada iri biyu ce. Akwai ta rini mai saurin koɗewa a hasken rana, akwai mai garin launi wadda ta fi daɗewa. Firinta kuwa in an daɗe ba a yi aiki da ita ba, tawada takan bushe a bakinta, ƙurar hunturu kuma ta toshe ta. Saboda haka a riƙa rufe ta, a kuma buga ko da shafi ɗaya ne kowane mako.

Na huɗu, in yana shirya shafi a kwamfuta, kafin ya sa furanni da ado, ya rubuta sunan mai hoton da na mahaifinsa da garinsu, ko Shuwaki ne ko Gwarmai ko Matan Fada, da shekara ta Hijira da ta Miladiyya. Hoton da ba suna, jikoki ba za su san ko na wane ne ba, mai suna kuwa yana koya wa yaro nasabarsa, da sanin nasaba ne kuma ake sada zumunci. Amma kada a ƙawata shafin da ayoyin Alƙur'ani, domin albam yakan faɗa hannun yara ya kwana a ƙasa.

Na biyar, a ajiye albam cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da laimar damina, kada a rataye hoton mamaci a bango ana girmama shi. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ta girmama surorin mutanen kirki ne bautar gumaka ta faro cikin mutanen Annabi Nuhu.

Shi kuwa mai tambaya, mun ce masa ya bi gidajen dangin da suka tari tsohon ran da ya komo, watakila wani ya ɗauka. In an samu, ya wanke ya raba wa 'yan'uwa. In ba a samu ba, ya yi haƙuri, domin addu'ar ɗa da sadakarsa su ne suke isa ga mahaifi a kabari, ba hoto ba.

Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.