SHARHI: Tsadar Jinyar Karnuka Da Kyanwoyi, Lissafin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Gada Biyu Su Yi

JOS — Duk ɗan kasuwar da ke da shago ko sito a Gada Biyu ya san amfanin karen da ke gadin dukiyarsa da dare, da kyanwar da ke hana ɓeraye ɓarnar buhunan hatsi. Abin da ba kasafai yake sakawa cikin lissafinsa ba shi ne ranar da mota za ta banke karen, ko ya ci guba. A ranar ce kuɗin tiyata da ƙarin ruwa da allurai ke faɗo masa gaba ɗaya, ga shi kuwa ciwon gaggawa ba ya jiran a yi ciniki.

Musabbabin tsadar a fili yake. Yawancin magungunan da likitocin dabbobi ke aiki da su daga waje ake shigo da su. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma ya ƙara kuɗin sufuri da na janaretan da ke riƙe firjin allurai.

Idan jinya ta gagara, sai a yasar da dabbar a titi, kuma daga nan ne asarar mutum ɗaya ke zama ta jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na hallaka mutane kusan 59,000 a shekara, akasari ta hanyar cizo, kuma yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka rigakafi ya isa ya katse yaɗuwarsa.

Jihar Filato ba ta da uzuri a nan, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura. Ya kamata gwamnatin jihar ta kai ta unguwanni kowace shekara a kan farashi mai rahusa.

Su kuwa ƙungiyoyin 'yan kasuwa, tun da sun iya adashi, babu abin da zai hana su buɗe asusun jinyar dabbobin gadi, su yi yarjejeniyar farashi da likita tun kafin buƙata ta taso. Karen gadi jari ne, kuma jarin da ba a yi wa tanadi ba, rana ɗaya ke cinye shi.