Suna Ɗaya Ba Ya Sa a Zama Dangi: Darasi Daga Tarka

Mutum uku za su iya zama a inuwa ɗaya a kasuwar Belbeji, kowannensu ya ce "Tarka", alhali ba abu ɗaya suke nufi ba. Ma'aikacin hukuma yana nufin ƙaramar hukumar Tarka, wadda Belbeji ce cibiyarta, wadda kuma take ƙarƙashin gundumar Tanut kafin a yanke gundumar Belbeji a shekarar 2011. Makiyayi yana nufin kwarin Tarka, tsohuwar hanyar ruwan nan da ta taso daga Damargu, ta ratsa ƙasar Dakwaro a jihar Maraɗi, ta gangara Madawa a jihar Tawa, sannan ta nufi iyakar Nijeriya. Ɗan kasuwar albasa kuwa hankalinsa yana can ƙarshen kwarin, a fadamun Madawa, inda ake noman rani. Waɗannan ukun aƙalla suna da alaƙa da juna, domin ƙasa ɗaya ce ta haɗa su.

Amma ɗalibin da ya rubuta kalmar a intanet zai ga ta yi rassa har inda bai zata ba. Akwai ƙaramar hukumar Tarka a jihar Binuwai ta Nijeriya, mai cibiya a Wannune, wadda ta ci sunan Joseph Tarka, ɗan siyasar Tibi da ya rasu a 1980. Akwai layin jirgin ƙasa a kudu maso yammacin Ingila da ake kira da wannan suna, saboda wani karen ruwa mai suna Tarka a littafin da Henry Williamson ya wallafa a 1927. A girkin Indiya ma akwai tarka, wato kayan yajin da ake soyawa a mai a kwarara kan miya. Babu abin da ya haɗa waɗannan da Damargu face haruffa biyar.

Ra'ayina a nan shi ne, aikin mai nazarin harshe ba ya ƙarewa a jera irin waɗannan kamanni don a yi mamaki. Duk inda abu biyu suka yi tarayya a suna, musamman idan ɗayansu ƙasa ce ko jiha, wajibi ne mu tambaya: wa ya ara daga wa, ko kuwa babu aron ma sam? Amsar tana da nauyi, domin a kanta ake gina tarihi, a kanta ake cin kasuwa, wani lokacin ma a kanta ake rabon ƙasa.

Tarayyar suna iri uku ce, kuma kowane iri da hukuncinsa. Na farko shi ne inda abu ya ɗauki sunan wuri. Hausa ta ƙware a wannan, tana amfani da "ɗan" da "ƴar" ko kuma ta bar sunan tsirara. Baƙin yadin da Buzaye suke naɗawa, wanda ayari ya daɗe yana ratsa Damargu da shi zuwa Abzin, sunansa ɗan Kura, saboda garin Kura na ƙasar Kano inda ake rina shi. Mata suna cewa atamfa Holan. Motar hannu da aka shigo da ita ta tashar ruwan Benin ita ce ƴar Kwatano, ko da a Jamus aka ƙera ta. Masara ma, a fahimtar masana da yawa, daga "dawar Masar" ta gajarce, alhali asalin tsiron daga nahiyar Amurka yake. Wannan ya koya mana cewa irin wannan suna yakan nuna hanyar da kaya suka biyo, ko kasuwar da aka saye su, fiye da inda aka haife su.

Iri na biyu shi ne inda wuri ya ɗauki sunan abu. Jihar Jigawa da jihar Kogi, waɗanda aka ƙirƙira a 1991, kalmomin Hausa ne na yau da kullum aka ɗaga aka yi musu rawani: jigawa tudun yashi ce, kogi kuwa kogi ne, saboda mahaɗar manyan ruwaye biyu a Lakwaja. Tanut ita ma a nan take. A Tamajak, "anu" rijiya ce, idan aka sa mata "t" a goshi da "t" a ƙeya sai ta koma ƙaramar rijiya. Wannan bayani yana da ƙarfi saboda ƙirar kalmar tana bin ƙa'idar da ake gani a ɗaruruwan kalmomin harshen, ba don ya yi daɗin ji ba.

Iri na uku shi ne dacen sauti kawai, kuma a nan ne ƙafa ta fi zamewa. Wandon Yarabawa sunansa ṣòkòtò, duk gaɓoɓinsa da karin sauti na ƙasa, birnin Shehu kuwa a bakinsu da karin sama yake fita, a bakinmu ma Sakkwato ne. Yarabawa da kansu sun san kalmomin biyu daban suke, shi ya sa suke wasa da su a karin magana, cewa abin da mutum ya tafi nema Sakkwato yana cikin aljihun wandonsa. Rubutun da ba ya nuna karin sauti ne ya mai da su tagwaye. Mu ma muna da irin wannan a gida. Laƙabin Katsina shi ne "ɗakin kara". Baƙon da ya karanta shi a takarda zai iya ɗauka bukkar karan dawa ake nufi, alhali kara ce ta mutunci da kawaici, wadda ta bambanta da karan gona a karin sauti da kuma jinsi: muna cewa karan dawa, amma karar da ya yi mini. Wanda zai rarrabe waɗannan sai wanda ya ji kalmar daga baki, ya kuma san nahawunta.

Babu inda iri-irin nan suka cakuɗe kamar a sunan ƙasarmu. Kogi ɗaya ne, amma kowace al'umma da ke bakinsa da sunan da take kiransa: Joliba a wajen Mandinka, Isa a wajen Zabarmawa, Kwara a wajen Hausawa. Turawa suka zo da nasu, suka laƙaba shi ga mulkin mallaka biyu. Flora Shaw ce ta ba da shawarar sunan Nijeriya a wata jaridar Landan a 1897, Faransawa kuma suka kira tasu ƙasar da sunan kogin kai tsaye. Daga baya Nijeriya ta yi jihar Kwara a 1967, ta yi jihar Neja mai babban birni a Minna a 1976. A rubutun Ingilishi, ƙasar Nijar da jihar Neja da kogin duk haruffa ɗaya ne, har sai an ƙara bayani kafin a gane wanne ake nufi, kuma ɗan Nijar da ɗan Nijeriya wasali ɗaya ne tak ya raba su. Bahaushe kuwa, ba tare da wani kwamiti ya zauna ba, ya ari kalmar sau biyu: ya ji ta a bakin Bafaranshe ya ce Nijar, ya ji ta a bakin Ba'ingilishe ya ce Neja. Abin da ya rikita mai harshen na asali, mai aro ya warware shi da kunne. Wannan abin alfahari ne, kuma hujja ce a kan masu ganin aron kalma rauni ne ga harshe. Sai dai abin takaici, har yanzu ana samun masu fassarar labarai da suke ɗora abin da ya faru a Minna a kan Yamai, don sun bi harafi sun bar ma'ana.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ai duk wasan kalmomi ne. Amsarsa tana cikin fatar akuya. Shekaru aru-aru ana jeme fata a ƙasar Kano da Sakkwato, ayari ya haura da ita Sahara, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka. Da yawa daga abin da Turawa suka riƙa ɗaure littattafai da shi suna kiransa fatar Maroko, daga nan ƙasar Hausa ya fito. Majemi ya sha wahala, mai tashar ruwa ya ci suna. Ita kanta akuyar, a littattafan Faransanci jar akuyar Maraɗi ce, a na Ingilishi jar akuyar Sakkwato, alhali dabba ɗaya ce da ba ta san iyaka ba. Ɗalibin kiwon dabbobi da bai san haka ba zai ƙirga iri biyu inda iri ɗaya ne.

Batun albasa ya fi kusa da mu. Galmi gari ne a jihar Tawa, a kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙwanni da Madawa, amma sunansa ya zama sunan irin albasar da ake nomawa a wurare da dama, har da fadamun kwarin Tarka. Albasar da aka haƙa a Tarka tana isa Abijan da Akara da sunan Galmi. Wannan suna ya yi darajar da har wani kamfanin iri da ke wajen Nijar ya taɓa neman a yi masa rajistar mallakarsa a hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye. A irin wannan shari'a, tambayar da ake yi ta masu nazarin harshe ce tsantsa: shin "Galmi" sunan gari ne, ko sunan iri, ko sunan yankin da ake nomansa? Tun yaushe, kuma a bakin wa? Wanda ba shi da rubutacciyar shaida a kan yadda jama'arsa suke amfani da sunansu, zai wayi gari yana sayen abinsa a hannun baƙo.

Ƙasa ma haka take. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, don a bar abin da ke bayanta ga kiwo, kuma a ƙasar Dakwaro kwarin Tarka ne jama'a suke ɗauka a matsayin wannan iyaka. To idan takarda ta ce "Tarka", gaɓar kudu take nufi, ko tsakiyar kwarin, ko ƙaramar hukumar da ke gabas da nan? Manomi da makiyayi kowa zai karanta ta yadda ta yi masa daɗi, kuma mun san abin da irin wannan saɓani yake haifarwa idan damina ta kama.

Akwai ƙorafi mai ma'ana da ya kamata a saurara. Masu nazarin adabi za su ce labaran asalin suna, irin na maharbi Haɗe da matarsa Jiya da aka ce su suka haifi sunan Haɗeja, ko kadduna da aka ce su suka ba Kaduna suna, dukiya ce ta al'umma, bai kamata mu zo da almakashin ilimi mu datse su ba. Gaskiyarsu. Irin waɗannan labarai suna nuna yadda mutane suke kallon kansu, kuma wajibi ne a tattara su da girmamawa. Sai dai a ajiye kowanne a mazauninsa. Gbagyi suna da nasu bayanin game da sunan Kaduna, wanda bai shafi kada ba ko kaɗan. Ɗalibin da ya rubuta na Hausa shi kaɗai a kundin digirinsa, ya kira shi asali, ya yanke hukunci a shari'ar da bai saurari ɗaya ɓangaren ba.

Haka zai faru ga duk wanda ya yi gaggawar jingina Tarka ga "tarko" ko "tarkace" don kawai sun yi kama a kunne. Damargu mahaɗa ce: akwai Hausawa, akwai Buzaye, akwai Fulani, akwai Dagirawa masu jin Barbarci. Sunan da ya fara da "ta" a ƙasar da ake jin Tamajak, makwabciyar Tanut, ya isa ya sa mai nazari ya dakata kafin ya ce na Hausa ne.

Don haka ina kira ga sashenmu da ya mai da nazarin sunayen wurare aikin fili na dole. Kowane ɗalibi, idan ya je hutu, ya dawo da sunaye ashirin na garuruwa da rijiyoyi da kwaruruka da iri-irin hatsi da dabbobin yankinsu. Ya naɗi muryar dattawa a wayarsa, ya sa alamar karin sauti da tsawon wasali, ya rubuta yadda kowace al'umma take furta sunan, ya ware abin da aka ba shi labari daga abin da ƙirar kalma ta tabbatar. Malamanmu kuma su tanadi wurin ajiye wannan aiki, kada ya ƙare a cikin kabad. Taswirorinmu har yau da rubutun Faransanci suke, wanda ba ya bambanta "k" da "ƙ" ko "d" da "ɗ", kuma dattawan da suka san yadda ake furta waɗannan sunaye kafin a rubuta su suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Hutun da ke tafe ya isa a fara da Belbeji da Tanut.